Ranar da Winci Ya Juya Baya

A cikin shekarun da na yi ina aikin jiragen ruwa, akwai wata Asabar da har yau ban iya mantawa da ita ba, kuma ba na son in manta. Tunda kun shigo wannan aiki, gara ku ji labarin daga bakina, domin ni ne na yi laifin.

Mutane suna dariya idan na ce aikin jirgin ruwa nake yi a Abuja. Sai su ce, "Malam Shu'aibu, ina tekun?" Babu teku, amma akwai tafkuna da madatsun ruwa, kuma a bakin ɗaya daga cikinsu, can bayan gari, akwai wani ƙaramin kulob da wasu ma'aikata suka haɗu suka kafa. Jirage uku gare su masu tafiya da iska, sai kwalekwale ɗaya mai inji na ceto. A nan na fara a matsayin mataimakin makanike. Kafin nan na yi shekara goma sha ɗaya ina gyaran mota a Gudu, na yi aure, ina da 'ya'ya biyu, muna zaune a Dutse Alhaji. Na faɗi wannan ne don ku san ba baƙo ba ne ni a harkar ƙarfe. Sanin da nake taƙama da shi, shi ya ja ni ga kuskure.

Babban makanikenmu, wanda kuma shi ne kyaftin idan an fita ruwa, Oga Bitrus ne, mutumin Filato. Ya yi ƙuruciyarsa a Legas yana aiki a jiragen iska, ya dawo Arewa da furfura. Ba shi da yawan magana. Hausarsa irin ta Abuja ce, sai ka ji ya ce "Hajiya ya zo," babu wanda ke gyara masa. Idan lokacin salla ya yi muna tsakiyar aiki, shi ne ke karɓar sifana daga hannuna ya ce, "Je ka, ƙarfe ba ya gudu."

Bari in yi wa waɗanda ba su taɓa hawa ba bayanin winci. Jirgin iska ba shi da inji, babban ƙyalle ne iska ke turawa. Ƙyallen gaba yana da igiya, kuma idan iska ta cika shi, ƙarfin da ke kan igiyar nan ya fi ƙarfin maza huɗu. Shi ya sa ake da winci: wata 'yar ganga ce ta ƙarfe da aka ɗaure a gefen jirgi. Ana naɗa igiyar a jikinta sau uku, mutum ɗaya ya riƙe bakin igiyar, ɗaya ya soka handul a samanta yana juyawa. A cikin gangar akwai wasu 'yan harsunan ƙarfe, kowane bai kai kan yatsa ba, da ɗan sifirin a bayansa mai turo shi. Su ne ke faɗawa cikin haƙora su hana gangar komawa baya. Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas da kuke ji idan ana juyawa, su ne. Duk nauyin iskar nan a kansu yake.

Dokar kulob ita ce a yi wa kowane winci sabis kafin damina ta faɗi, mai aikin ya rubuta a littafi ya sa hannu, babban makanike ya duba ya sa nasa. A shekarata ta farko, lokacin sabis ya zo daidai da rasuwar yayan Oga Bitrus. Yana ɗaure jakarsa a bayan babur ya ce mini, "Shu'aibu, ka kwance, ka wanke da kananzir, ka sa mai kaɗan, ka mayar. Ka iya?"

Na ce, "Haba Oga, wanda ya kwance giyar mota ai wannan wasa ne."

Winci shida ne, biyu a kowane jirgi. Na kwance su, na wanke su tas. Da na ɗauko ɗan gwangwanin man da ake sa wa harsunan, mai ruwa-ruwa kamar na keken ɗinki, sai na tarar ya ƙare. Ban damu ba. A gareji duk abin da ke juyawa giris ake sa masa, ga kuma bokitin giris na ƙafafun tirela a kusurwa. Na ɗebo da yatsa na cika ko'ina, har da harsunan da sifirin ɗinsu. Da na mayar na juya da hannu, sai na ji ƙarar ta ragu, gangar tana tafiya sumul. Har daɗi na ji. Na ce a raina na gyara abin da shi kansa Oga bai gyara ba. Na rubuta a littafi na sa hannu. Da ya dawo daga jana'iza a gajiye, ya buɗe littafin, ya tambaye ni ko an gama, na ce an gama, ya sa nasa hannun.

Abin da ban sani ba shi ne giris yana da kauri, kuma idan ya sha rana ya haɗu da datti sai ya daskare kamar ƙaro. Ɗan sifirin ɗin nan ba shi da ƙarfin ture harshe a cikinsa. Sai harshen ya maƙale a kwance, ya daina faɗawa cikin haƙora. Idan iska ba ta da ƙarfi, ko ɗaya ne ya ɗan kama ya isa, ba za ka gane komai ba.

Aka yi makonni. Ranar Asabar ɗin da nake ba ku labari, farkon damina ne, muka fita da la'asar mu uku a babban jirgin: Oga Bitrus a kan sandar tuƙi, ni a kan igiya, sai Hajiya Bilkisu a kan handul. Hajiya injiniya ce, mataimakiyar darakta a wata ma'aikatar tarayya a Garki, kuma ta yi wata biyar tana koyon tuƙin jirgi a wajen Oga. Mace ce mai son ta yi abu da hannunta. Takan cusa hijabinta cikin rigar kariya ta ce, "Ni ban zo yawon buɗe ido ba, ku ba ni aiki."

Mun kai tsakiyar ruwa sai gabas ta yi baƙi. Kun san iskar da ke gaba da ruwan farkon damina, ba ta sallama. Oga ya duba sama ya ce mu juya mu koma. Da muka juya, ƙyallen gaba ya koma ɗaya gefen, na naɗa igiya a wincin hagu, Hajiya ta soka handul ta fara juyawa. A daidai nan iskar ta iso. Jirgin ya kwanta gefe, igiyar ta yi tauri kamar ƙarfe. Hajiya ta durƙusa ta sunkuya a kan wincin da dukan ƙarfinta, fuskarta daidai saman handul.

Ni ban ji komai ba. Oga Bitrus ne ya ji, ko in ce shi ne ya ji abin da babu. Daga baya ya gaya mini cewa ta yi zagaye biyu cur ba tare da ƙas ko ɗaya ba. Sai kawai na ji ya daka tsawa, "Hajiya, baya!" Ya saki sandar tuƙi, ya cafko igiyar rigar kariyarta ta baya da hannun dama ya fizge ta, ya sa hannun hagu tsakanin fuskarta da wincin.

Tana sakin handul gangar ta juya baya. Ba zan iya kwatanta muku saurin ba. Handul ɗin ƙarfe, tsawon kamu ɗaya, ya zagayo ya sami Oga a damtse ƙasa da gwiwar hannu. Na ji ƙarar karyewar ƙashin a cikin iskar nan. Ya sake zagayowa sau biyu, sannan ya fice ya faɗa ruwa. Igiyar ta zare daga hannuna ta kwashe fatar tafina. Ƙyallen gaba ya shiga kaɗawa yana ƙara kamar ana harbi, igiyarsa tana dukan duk abin da ta samu, jirgin kuma babu mai riƙe da tuƙi.

Na daskare. Gaskiya ke nan, na daskare ina kallon hannun Oga da ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Hajiya tana ta "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Shi kuwa ya zame ya zauna a ƙasan jirgi, ya rungume hannun a ƙirji, fuskarsa ta yi fari, amma muryarsa ba ta canza ba.

"Shu'aibu, kama tuƙi."

"Oga, ban taɓa yi a irin wannan iska ba."

"Yau za ka yi. Tura shi nesa da kai. Ƙara. Sa hancin jirgi cikin iska. Yawwa, riƙe nan. Hajiya, kan ki ƙasa, ki rarrafa ki kwance jan igiyar can, ƙyalle zai sauko da kansa."

Haka ya yi ta ba mu umarni ɗaya bayan ɗaya, kamar yana karanta takarda. Hajiya ta sauke ƙyallen gaba ta danne shi da jikinta ta ɗaure. Ni ina riƙe da tuƙi da hannun da ke zubar jini. Ruwa ya sauko. Hajiya ta dawo ta ciro ɗan katakon da muke tokare murfin akwatin kaya, ta ɗora a hannun Oga, ta naɗe da gyalen da ke cikin jakarta. Sai a lokacin ya ce "Yesu," sau ɗaya, a hankali. Masu kwalekwalen ceto sun hango mu, suka zo suka ja mu zuwa gaɓa. Hajiya ce ta sa shi a motarta ta kai shi asibiti. Hoto ya nuna ƙasusuwan damtsen biyu duk sun karye.

Washegari Lahadi, bayan sallar asuba, na hau babur na tafi kulob. Babu kowa sai maigadi. Na shiga jirgin na kwance wincin hagu. Ina ɗaga gangar na gani. Harsunan biyu suna kwance a cikin baƙin giris, ko da na taɓa su da sukudireba ba su tashi ba. Aikina ne, babu na wani.

Ba zan ɓoye muku ba, na je shago na zubo kananzir a gwangwani, na ɗauko buroshi. Minti goma ya isa. Da na wanke, kowa zai ce wincin ne ya tsufa. Na tuna matata da yara, na tuna yadda na sha wahala kafin in sami aikin nan mai albashi. Na tsoma buroshin a kananzir. Na daɗe a durƙushe a wurin. Abin da ya hana ni ba jarumta ba ce. Na kasa tunanin yadda zan je in gaishe da Oga a asibiti in kalli idonsa. Na mayar da gangar yadda na same ta, na zubar da kananzir, na kama hanyar asibiti.

Na tarar an yi masa ɗori an sa filasta har gwiwar hannu. Matarsa, Mama Rifkatu, tana ba shi kunu. Na gaishe su, na durƙusa a gefen gado, na ce, "Oga, ni ne. Giris na sa."

Ya kalle ni. Ya ce, "Ka buɗe?"

"Na buɗe."

"Ka wanke?"

"Na so in wanke. Ban wanke ba."

"Guda nawa ka yi wa sabis?"

Na ce, "Shida." Ina faɗa na gane abin da yake nufi. Wallahi tun daga jiya har zuwa wannan lokacin, tunanin kaina kawai nake yi, ban tuna da sauran biyar ɗin ba. Kuma ranar Lahadi ce, ranar da iyalai ke zuwa bayan coci da bayan azahar, wasu da 'ya'yansu.

Ya ce wa matarsa ta miƙo wayarsa, ya ba ni. "Kira manajan kulob. Kai za ka faɗa, da bakinka. Kada jirgi ko ɗaya ya taɓa ruwa yau."

Na kira. Na gaya wa manaja komai. Ya ce jirgi na biyu har an fara ɗaura masa ƙyalle, wani mutum ne da matarsa za su fita. Aka dakatar da su. Da aka buɗe wincin daga baya, uku daga cikin biyar harsunansu sun maƙale.

Oga ya karɓi wayarsa ya ce, "Ka gani? Da ka wanke ɗaya, da sun ce tsufa ne, su sayo sabo, su bar biyar suna jiran wani."

Mama Rifkatu ta juya mini baya ta ci gaba da ba shi kunu har na tashi. Ban ga laifinta ba. Amma da na kai bakin ƙofa sai ta ce, "Malam, kai ma ka nuna wa nas hannunka, ya kumbura."

Ranar Laraba aka ba ni takardar tuhuma, ranar Asabar kwamitin kulob ya zauna. Tsarinsu shi ne manaja ya karanta abin da ya faru, wanda ake tuhuma ya yi bayani, shaidu su yi magana, sannan a yanke hukunci. Manaja ya riga ya rubuta shawararsa: a sallame ni. Ban yi musu ba. Na faɗi abin da na yi tun daga bokitin giris har gwangwanin kananzir, ban rage ba.

Ana shirin rufe magana sai ga Oga Bitrus ya shigo da hannu a rataye. Likita bai ba shi izinin fita ba. Ya ce a buɗe littafin sabis. Ya sa yatsa a kan shafin ya ce wa shugaban kwamiti, "Ranka ya daɗe, hannu nawa ne a nan?"

"Biyu."

"Na biyun nawa ne. Shi bai sani ba ya yi. Ni na sani, ban duba ba na sa hannu. Na ce masa mai kaɗan, ban ce masa wane mai ba. Idan za a kori mutum, a fara da wanda ya sani."

Manaja ya ce, "Amma Oga Bitrus, kai ne aka karya."

Ya ce, "To ai shi ya sa nake da bakin magana."

Sai Hajiya Bilkisu ta nemi a kawo ɗaya daga cikin wincin da ba a wanke ba, a ɗora a kan tebur. Ta sa na buɗe a gabansu. Ta tambayi manaja yaushe rabon da a sayi man harsunan, ya kasa faɗa. Ta tambaya ina takardar da ke bayanin yadda ake sabis, aka ce tana cikin kabad a ofis, da Turanci, ba a taɓa ba ni ba. Ta ce, "Ni ce wadda ƙarfen nan ya nufa, don haka ku saurare ni. Idan kun kore shi kun kawo wani makaniken mota, giris zai sa, domin abin da ya sani ke nan. Wannan kuwa ba zai ƙara ba har ya mutu. Kuma shi ya kira ya hana jirgi na biyu fita."

Aka ce in fita. Na zauna a kan tirela ina jira. Da aka kira ni, hukuncin shi ne gargaɗi a rubuce, da wata uku ba zan taɓa winci ba sai a gaban Oga. Aka kafa doka cewa ba a sa hannu na biyu sai an buɗe an gani da ido, kuma kafin kowace fita sai an juya kowane winci babu igiya an saurari ƙararsa. Hajiya da kanta ta zauna ta mayar da takardar sabis ɗin zuwa Hausa, aka manna a bangon shago. Ita ce kuke gani a can, duk da ta yi ja.

Wata ukun nan su ne makarantata. Oga yana zaune a kan benci da filasta, ni ina durƙushe da tire a gabana. Ya koya mini cewa giris na haƙoran giya ne kawai, shi ma shafawa ake yi, harsuna kuwa ɗigon mai ɗaya. Ya koya mini a canza sifirin tun bai gaji ba, kada a bar handul a soke idan ba juyawa ake yi ba, kada mutum ya kai fuskarsa inda handul zai iya zagayowa. Bai taɓa ce mini "ka ga abin da ka ja mini" ba, ko da wasa. Hannun ya warke amma bai koma daidai ba. Ba ya iya juya shi sosai, kuma idan hadari ya haɗu yakan riƙe shi yana murzawa. Duk lokacin da na ga haka sai in sunkuyar da kai.

Bayan shekara uku ya ajiye aiki zai koma gida, kuma shi ya ba da sunana a ba ni matsayinsa. Ranar da muke ɗora kayansa a mota na ja shi gefe. Na shirya magana mai tsawo, amma da na buɗe baki sai hawaye. Na dai samu na ce, "Oga, ban san yadda zan gode maka ba."

Ya ce, "Kada ka gode mini, ba ni da inda zan ajiye. Ni ma a Legas na taɓa nutsar da injin kwalekwalen mutane, wani tsoho ya tsaya mini. Kafin in yi hankalin gode masa ya mutu. Ka riƙe taka. Wata rana wani zai ɓata maka aiki, sai ka ba shi."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku ɗauka. A wannan aikin ƙaramin ƙarfe ne ke riƙe da babban nauyi, kuma ba ya nuna gajiyarsa sai ranar da iska ta yi ƙarfi, lokacin da akwai fuskar mutum a kusa. Don haka abin da ba ku sani ba ku tambaya, ko da kun yi shekara ashirin a wata sana'ar. Abin da ba ku gani da idonku ba kada ku sa masa hannu, ko da ni na ce muku an gama. Idan kuma kun ɓata, ku zo ku faɗa da wuri, domin kuskure ba kasafai yake zama a wuri ɗaya ba.

Tunda na zama babban makanike, mutum ɗaya na taɓa sallama, shi ma ba don ya yi kuskure ba, don ya ɓoye ne. Duk wanda ya zo ya tsaya a gabana ya ce, "Oga, ni ne," zai tarar ina da abin da aka ba ni ajiya dominsa.